Tarihin Kamfanin Arup: Yadda Ƙaramin Ofishin Injiniyoyi Ya Bunƙasa Kimiyyar Gini A Duniya

Idan aka kammala babban gini, sunan mai shi ake fara ji, sai kuma na wanda ya zana shi. Da wuya a tambayi wanda ya yi lissafin nauyin da ginshiƙai za su ɗauka, ko wanda ya tsara hanyar da iska za ta bi ta shiga ta fita, ko wanda ya auna yawan mintocin da jama'a ke buƙata su fice idan gobara ta tashi. Akasari ba a neman waɗannan mutane sai ranar da bango ya tsage ko rufi ya fara yoyo.

Ɗaya daga cikin kamfanonin da suka fito da martabar wannan aiki fili shi ne Arup, wanda aka kafa a birnin Landan a 1946 da ma'aikata 'yan ƙalilan. A yau yana da ma'aikata kimanin 18,000 a ƙasashe fiye da 30, kuma hannunsa na cikin wasu gine-gine da suka fi shahara a duniya. Tarihinsa ya ginu a kan ra'ayi guda da wanda ya kafa shi ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa: gini abu ɗaya ne dunƙulalle, don haka dole duk masu hannu a cikinsa su zauna tare tun daga ranar farko.

Mece ce kimiyyar gini?

Tambaya ta farko da injiniya ke amsawa ita ce ko ginin zai tsaya. Wannan lissafi ne na yadda nauyi ke sauka daga rufi zuwa ginshiƙi, daga ginshiƙi zuwa harsashi, daga harsashi zuwa ƙasar da ke ƙarƙashinsa.

Sai dai gini na iya tsayawa daram amma ya gagari zama. Yana iya komawa tanda da tsakar rana. Bangonsa na iya shan danshi a hankali har rodin da ke cikin kankare ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Babban zaure na iya cika da amsa-kuwwa ta yadda na baya ba zai fahimci abin da mai jawabi ke faɗa ba. Matakala kuma na iya zama hanyar da hayaƙi zai bi ya riski mutanen da ke hawa na sama.

Kimiyyar gini ita ce fannin da ke nazarin duk waɗannan tare: nauyi, zafi, iska, danshi, sauti, haske da wuta, da yadda kowannensu ke shafar ɗan'uwansa. Misali, faɗaɗa taga na ƙara haske, amma yana ƙara zafin da ke shigowa, wanda zai sa a nemi babbar na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta ƙara nauyi a kan rufi da kuɗin lantarki a kan mai gida. Shawara ɗaya takan taɓa aikin mutum huɗu ko biyar.

Ɗalibin falsafa da ya koma ga kankare

An haifi Ove Arup a ranar 16 ga Afrilun 1895 a birnin Newcastle na ƙasar Ingila. Mahaifinsa likitan dabbobi ne ɗan ƙasar Denmak, mahaifiyarsa kuma 'yar ƙasar Norway. Ya yi karatunsa a Denmak, inda ya fara da nazarin falsafa a Jami'ar Kofenhagen kafin ya koma fannin injiniya. Ya kammala a 1922, ya kuma ƙware a kan kankare mai rodi, wanda a lokacin bai daɗe da shiga manyan gine-gine ba.

Ya fara aiki da kamfanin Christiani da Nielsen a birnin Hamburg na Jamus, sannan aka mayar da shi ofishin kamfanin na Landan a 1923. Wannan kamfani shi ke tsara aikinsa, shi ke kuma gina shi, musamman gadojin tashoshin jiragen ruwa da manyan rumbunan ajiya. A nan Arup ya ga da idonsa cewa zanen da aka yi ba tare da tunanin yadda za a gina shi ba yakan ƙare da tsada da wahala.

Al'adar da ya tarar a Birtaniya kuwa ta rarraba aikin gida uku. Mai zane zai gama zanensa ya miƙa wa injiniya ya sa masa ginshiƙai, injiniya ya miƙa wa ɗan kwangila ya san yadda zai yi. Kowa na aiki a ɗakinsa, idan matsala ta taso kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa.

A farkon shekarun 1930 ya haɗu da wani mai zanen gine-gine mai suna Berthold Lubetkin, wanda ya yarda ya riƙa zama da injiniya tun zane na kan takarda. Tare suka yi aikin tafkin tsuntsayen fengwin na gidan namun daji na Landan a 1934, mai ɗauke da siraran hanyoyi biyu na kankare da suka murɗe suka ratsa juna ba tare da ginshiƙi a ƙarƙashinsu ba. A 1935 suka kammala benen Highpoint da ke unguwar Highgate, inda Arup ya sa bango da daɓen kankare suka ɗauki nauyin ginin da kansu, ya kuma yi amfani da mazubin da ake ɗagawa sama hawa bayan hawa, dabarar da ya koyo daga ginin rumbuna.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsara mafakar ƙarƙashin ƙasa mai zurfi don kare jama'a daga bama-bamai, amma gwamnati ba ta amince da tsarin ba. Ofishinsa ya kuma taimaka wajen ƙera wasu sassa na tashoshin jiragen ruwa na wucin gadi da sojojin ƙawance suka yi amfani da su a gaɓar tekun Faransa a 1944.

Kafa kamfani a 1946

Ove Arup ya riga ya kai shekara 50 sa'ad da ya buɗe ofishinsa na injiniyoyi masu ba da shawara a 1946. Ya fita daga harkar kwangila gaba ɗaya. Ma'anar wannan ita ce kamfanin ba ya sayar da siminti ko rodi, ba ya kuma cin riba daga yawan kayan da aka zuba a gini. Iliminsa kawai yake sayarwa, kuma amanarsa na wuyan mai aikin ne.

A 1949 ya jawo abokan aikinsa uku, Ronald Jenkins da Geoffrey Wood da Andrew Young, suka zama abokan tarayya. Jenkins gwanin lissafi ne, kuma shi ya jagoranci aikin da ya fara fito da sunan kamfanin: masana'antar roba ta Brynmawr da ke yankin Wales. An lulluɓe babban zauren masana'antar da rufi tara na kankare masu siffar kifaffiyar ƙwarya, waɗanda kaurinsu bai kai santimita 10 ba. Ƙarfin irin wannan rufi na fitowa ne daga lanƙwasarsa, kamar yadda ɓawon ƙwai ke jure matsi duk da rashin kaurinsa. A shekarun da suka biyo bayan yaƙi, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci, wannan dabara ta rage kayan aiki ƙwarai.

Tun a shekarar farko kamfanin ya buɗe ofis a Dublin, babban birnin Ireland, inda ya yi aikin babbar tashar motocin bas da aka buɗe a 1953. A shekarun 1950 ya bazu zuwa Afirka, ciki har da Najeriya da Afirka ta Kudu, a daidai lokacin da ake gina makarantu da asibitoci da ofisoshin gwamnati a ƙasashen da ke shirin samun 'yancin kai. Aiki a ƙasashe masu zafi ya tilasta wa injiniyoyin da suka taso a ƙasar sanyi su koyi lissafin inuwa da alƙiblar rana da hanyar iska.

Gwajin da aka yi a Sidni

Aikin da ya kai sunan kamfanin ko'ina, ya kuma kusa durƙusar da shi, shi ne zauren wasanni da kaɗe-kaɗe na birnin Sidni a ƙasar Ostireliya. A watan Janairun 1957 aka sanar cewa wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Jørn Utzon ya lashe gasar zanen ginin, daga cikin zane 233 da aka gabatar. Zanensa ya nuna rufi masu kama da filafilan jirgin ruwa da iska ta cika, waɗanda ya zana da hannu ba tare da wata ƙa'idar lissafi ba. Babu wanda ya san yadda za a gina su.

Gwamnatin jihar New South Wales ta matsa a fara aiki a watan Maris na 1959, tun kafin a warware matsalar rufin, don gudun kada sauyin siyasa ya kashe shirin. Sauri ya haifi nawa: ginshiƙan da aka fara zubawa ba su da ƙarfin ɗaukar rufin da aka amince da shi daga baya, sai da aka fasa wasu aka sake su.

Injiniyoyin Arup sun shafe shekaru suna gwada siffa bayan siffa, har aƙalla 12. Matsalar ita ce idan kowane ɓangare na rufin yana da tasa lanƙwasa, to kowanne na buƙatar nasa mazubi, kuma kuɗin ba zai ƙirgu ba. Don gudanar da lissafin, sun yi amfani da ɗaya daga cikin kwamfutocin farko na Birtaniya, a zamanin da kwamfuta guda ke cika ɗaki. Wannan na cikin lokutan farko da aka yi amfani da kwamfuta wajen lissafin babban gini.

Mafita ta samu a ƙarshen 1961: a yanko dukkan rufin daga jikin ƙwallo guda, kamar yadda ake yanka ɓawon lemo ɗaya gida-gida. Tun da lanƙwasar ɗaya ce, mazubi kaɗan sun isa a riƙa maimaita su. Ta haka aka zuba guntayen kankare 2,194 a ƙasa, aka ɗaga su aka jera, aka ɗaure su da igiyoyin ƙarfe da aka ja suka yi tsauri, sannan aka lulluɓe su da tayil fiye da miliyan ɗaya da aka kawo daga Suwidin. Injiniya Jack Zunz ne ya jagoranci wannan mataki.

Nasarar ta zo da asara. Utzon ya yi murabus a 1966 bayan saɓani da sabuwar gwamnatin jihar kan kuɗi da iko, ya bar ƙasar bai sake komawa ba, abotarsa da Ove Arup kuma ta lalace. Ginin da aka yi hasashen zai ci dalar Ostireliya miliyan 7 ya ƙare a kan miliyan 102, aka buɗe shi a ranar 20 ga Oktoban 1973, shekara 14 bayan fara shi. A 2007 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Kamfanin ya fito daga Sidni da abubuwa biyu: ƙwarewa a lissafin kwamfuta da ta sa shi gaban takwarorinsa, da kuma hujja mai tsada cewa fara gini kafin a gama tunani bashi ne da sai an biya.

Jawabin 1970 da batun mallaka

A 1963 kamfanin ya kafa wani reshe tare da mai zanen gine-gine Philip Dowson, inda masu zane da injiniyoyin ginshiƙi da na lantarki da na ruwa da masu ƙiyasin kuɗi ke zaune a ɗaki ɗaya suna aiki a kan gini ɗaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da Arup ya nema ke nan ya mayar da shi tsarin aiki na yau da kullum.

Da kamfanin ya girma, shi kuma ya tsufa, damuwarsa ta koma kan abin da zai faru bayan ransa. A ranar 9 ga Yulin 1970 ya tara abokan tarayyarsa a garin Winchester ya gabatar musu da jawabi kan manufofin kamfanin. Ya lissafa abubuwa shida: ingancin aiki, kallon gini a dunƙule, kyautata wa ma'aikata, gaskiya da mutunci a mu'amala, amfanar da al'umma, da samun madaidaicin rufin asiri ga ma'aikata. Har yanzu ana buƙatar sabon ma'aikaci ya karanta wannan jawabi.

A cikin shekarun 1970 ɗin ne kuma abokan tarayyar suka sallama mallakarsu, aka mayar da kamfanin hannun amintattu da ke riƙe da shi a madadin ma'aikata. Ba a sayar da hannun jarinsa a kasuwa, kuma ana raba wani kaso na riba ga ma'aikata. Amfanin wannan tsari ga aikin injiniya a bayyane yake: babu wani mai jari daga waje da zai matsa a rage bincike don a ƙara ribar shekara.

An ba Ove Arup lambar girmamawa ta masarautar Birtaniya a 1971. Ya rasu a ranar 5 ga Fabrairun 1988 yana da shekara 92. Aikin da ya fi so a rayuwarsa ƙaramar gadar ƙafa ce ta Kingsgate da ke birnin Durham, wadda ya tsara da kansa aka kammala a 1963. An gina ta gida biyu, rabi a kowace gaɓar kogi, sannan aka juya su suka haɗu a tsakiya, ba tare da an kafa komai a cikin ruwa ba.

Daga ƙarfin gini zuwa lafiyar mazauna

Daga shekarun 1970 aikin kamfanin ya faɗaɗa daga lissafin nauyi zuwa sauran fannonin kimiyyar gini. Cibiyar Pompidou da ke birnin Paris, wadda aka buɗe a 1977, ta nuna wannan sauyi ƙarara. Masu zanenta, Renzo Piano da Richard Rogers, tare da injiniyoyin Arup irin su Peter Rice da Ted Happold, sun fitar da kayan cikin ginin waje. Bututun iska shuɗi ne, na ruwa kore, na lantarki rawaya, hanyoyin hawa da sauka kuma ja. Hakan ya bar kowane hawa a buɗe, faɗin mita 48 ba ginshiƙi a tsakiya.

Barin ƙarfe a fili ya haifar da tambayar gobara, domin ƙarfe na rasa ƙarfinsa idan ya yi zafi sosai. Daga cikin matakan da aka ɗauka akwai cika manyan ginshiƙan ginin da ruwa don su shanye zafi. Wata masaniyar kimiyyar gobara mai suna Margaret Law, wadda ta shiga kamfanin a 1974, ta taka rawa wajen mayar da kare gini daga wuta aikin lissafi: yaya zafin zai kai, ina hayaƙi zai bi, minti nawa ƙarfe zai jure. A 1980 kuma aka kafa sashen nazarin sauti.

Tashin farashin man fetur na 1973 ya ƙara wata tambaya da ba a damu da ita ba a da, wato yawan makamashin da gini ke ci a tsawon rayuwarsa. Kuɗin da ake kashewa wajen sanyaya gini ko ɗumama shi na shekaru masu yawa na iya zama nauyi babba a kan mai shi, kuma tun a kan takarda ake yanke wannan hukunci, lokacin da ake zaɓen kaurin bango da girman taga da inda ginin zai fuskanta.

Ginin Harare da ya kwaikwayi suri

Misali mafi kusa da yanayinmu yana Harare, babban birnin Zimbabuwe. A 1996 aka buɗe cibiyar kasuwanci da ofisoshi ta Eastgate, wadda mai zanen gine-gine Mick Pearce ya tsara tare da injiniyoyin Arup. Manufarsu ita ce babban ginin ofis da zai yi sanyi ba tare da dogaro da manyan na'urorin sanyaya ɗaki ba. Pearce ya ce daga surin gara ya samo tunanin.

Harare na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, don haka rana na da zafi, dare kuma na da sanyi. Da dare, fankoki na zuƙo iska mai sanyi su tura ta cikin ramukan da aka bari a ƙarƙashin daɓen kowane hawa, kankaren ya sha sanyi ya adana. Da rana, iskar da ke shiga ofisoshi na bi ta kan wannan kankare ta huce kafin ta isa ga mutane. Iskar da ta yi ɗumi kuwa sai ta tashi sama da kanta ta fice ta bututun bulo da aka jera a kan rufi. An kuma rage girman tagogi, aka yi musu inuwa da kankaren da ya turo waje da kuma tsirrai.

Daga baya masu bincike sun nuna cewa suri ba ya aiki daidai da yadda aka zata a lokacin, ya fi kama da huhu mai musayar iska. Wannan bai hana ginin yin aikinsa ba, kuma yana cin makamashi ƙasa da takwarorinsa masu na'urar sanyaya ɗaki.

Duk wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa a Kano ko Zariya ko Agadas ya san wannan ka'ida a jikinsa. Katangar tubali mai kauri na jinkirta shigowar zafin rana, ta kuma riƙe sanyin dare har zuwa hantsi. Abin da injiniyoyi suka ƙara shi ne awo da lissafi, ta yadda za a san kaurin da ake buƙata da yawan iskar da za ta wadatar kafin a zuba buhun siminti ko ɗaya.

Gadar da ta yi lilo

Tarihin kamfanin bai rasa tuntuɓe ba. A ranar 10 ga Yunin 2000 aka buɗe gadar ƙafa ta Millennium a kan kogin Thames a Landan, wadda Arup ya yi aikin injiniyanta. Dubban mutane suka hau, sai gadar ta fara kaɗawa hagu da dama har wasu suka riƙa kama ƙarfen gefe. Bayan kwana biyu aka rufe ta.

Kamfanin ya karɓi alhakin gano dalili, ya shiga gwaje-gwaje da ayarin mutane masu tafiya a kan gadar. Abin da aka gano shi ne: mutum na ɗan tura ƙasa gefe da gefe a kowane taku. Idan gada ta ɗan motsa, masu tafiya kan daidaita takunsu da motsin ba da saninsu ba don kada su faɗi. Daidaituwar takun ɗaruruwan mutane sai ta ƙara wa gadar kaɗawa, kaɗawar kuma ta ƙara tilasta musu daidaita taku. An taɓa ganin alamun haka a wasu gadoji, amma ƙa'idojin gini na lokacin ba su tanadi lissafinsa ba.

An sanya wa gadar na'urori kusan 90 masu shanye girgiza, irin aikin da shokzoba ke yi a mota, a kan kuɗi kimanin fam miliyan 5. An sake buɗe ta a watan Fabrairun 2002 bayan gwaji da mutum kimanin 2,000. Kamfanin ya wallafa sakamakon bincikensa a fili don sauran injiniyoyi su amfana, kuma tun daga nan wannan lissafi ya shiga cikin abin da ake dubawa wajen tsara gadojin ƙafa. Gyara kayanka, in ji masu iya magana, ba ya zama sauke mu raba.

Inda kamfanin ya kai

Bayan rasuwar wanda ya kafa shi, kamfanin ya ci gaba da faɗaɗa zuwa hanyoyin jirgin ƙasa, filayen jiragen sama, ruwan sha da tsara birane. Yana cikin waɗanda suka tsara gadar Øresund da ta haɗa Denmak da Suwidin a 2000. A gasar Olamfik ta 2008 a birnin Beijin na ƙasar Sin, ya yi aiki a kan babban filin wasa mai siffar sheƙar tsuntsu, da kuma zauren ninkaya wanda aka lulluɓe da matasan roba masu cike da iska, waɗanda ke barin hasken rana ya shiga ya taimaka wajen ɗumama ruwan.

Girma ma na da nasa haɗari. A 2024 kamfanin ya tabbatar da cewa 'yan damfara sun yaudari wani ma'aikacinsa a Hong Kong ta hanyar taron bidiyo da aka ƙirƙiri fuskoki da muryoyin shugabanninsa na bogi, har aka tura musu kimanin dala miliyan 25. A ofishin 1946, inda kowa ya san kowa, hakan ba zai yiwu ba.

Abin lura ga masu gini a Najeriya

Batun ba na manyan biranen Turai kaɗai ba ne. A ranar 1 ga Nuwamban 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a unguwar Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasa rayukansu, kuma ba shi ne na farko ko na ƙarshe ba a ƙasar. Najeriya na da hukumar da ke kula da aikin injiniya, COREN, tun 1970, da cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi tun 1978, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa da aka fitar a 2006. Tsare-tsaren na nan a rubuce. Abin da ya rage yana hannun mai gini da mai sa ido.

Daga tarihin Arup, mai shirin gina bene, ko makaranta, ko masallaci, ko rukunin shaguna zai iya ɗaukar abubuwa uku. Na farko, a kira injiniya mai rajista tun kafin a tsayar da zane, a kuma gwada ƙasar filin kafin a haƙa harsashi. Na biyu, wanda ke duba ingancin aiki ya zama daban da wanda ke cin riba idan an rage rodi ko siminti. Na uku, kada a ƙara hawa ko a sauya tsari a tsakiyar aiki sai an koma an sake lissafi tun daga harsashi.

Kuɗin wannan shawara kaso ne ƙarami idan aka kwatanta da kuɗin ginin baki ɗaya, amma shi ne abin da aka fi saurin yankewa idan aljihu ya matse. Gwamnatin New South Wales ta fasa ginshiƙai ta sake zubawa saboda ta fara aiki kafin lissafi ya kammala, kuma ta yi sa'a kuɗi kawai ta yi asara.